Sharhi: Malamin Jami'a a Gaban Kyamara



Malamin da ya daɗe yana shiga aji da alli a hannu, ido kawai yake ɗagawa ya gane wanda ya fahimta da wanda aka bari a baya. Yau ga shi zaune gaban kwamfuta, ɗalibansa wani a Gusau, wata a Yola, kowa ya kashe kyamara don kada data ta ƙare. Sunaye kawai yake gani. Ya yi tambaya, shiru. Sai ya shiga cewa "Kuna ji na kuwa?", har wani ya rubuto cewa sabis ne ya ɗauke.

Karatu daga nesa ya daɗe a Najeriya. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002 lokacin Obasanjo. A da littafin darasi ne jigon karatun, ɗalibi ya karanta a gida. Koyarwa kai tsaye ta Zoom kuwa ta kankama ne bayan korona ta sa an rufe makarantu a watan Maris na 2020.

Malaman da suka ƙware sun daina zuba bayani na awa biyu ba numfashi. Suna gutsuttsura darasin, su kira ɗalibi da sunansa, su ce kowa ya rubuto amsa. Su naɗi darasin, in an tashi su tura ta WhatsApp, saboda ma'aikacin da bai taso daga aiki ba da uwar da yaro ya hana zama. Wannan gwaninta ce, kuma koyonta ake yi. Digirin digirgir ba ya ba da ita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a bar malami da ɗawainiyar data da wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, tayar da janareta don darasi guda ya zama aiki.

Kiranmu ga shugabannin jami'o'i da hukumar kula da jami'o'i ta NUC da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund: ku horar da malaman nan kafin a sa su gaban kyamara, ku sama musu data da wutar sola.