Waiwaye: 'Yan Kasuwar da Suka Roƙi a Ɗora Musu Haraji

A shekarar 1968 aka miƙar da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Toronto, a Kanada, zuwa yammacin gari. Ma'aikata masu sammakon zuwa ofis suka ji daɗi. Masu shaguna a wani yanki na titin Bloor kuwa, abin bai yi musu daɗi ba. A da, jirgin da ke bin kan titi ne ke ratsawa ta ƙofar shagunansu, fasinja yana zaune ya hango takalmi ko burodi ta taga, ya sauka ya saya. Da aka janye shi, sai masu sayayya suka koma wucewa ta ƙarƙashin ƙafafunsu ba tare da sun gan su ba. Ga kuma manyan rukunin kantuna da ake ta ginawa a bayan gari, irin su Yorkdale da aka buɗe a 1964, masu makeken filin ajiye motoci da ɗumi a lokacin hunturu. Ciniki ya ja baya, aka fara rufe shaguna.

Suna da ƙungiya, amma da karo-karo take rayuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin karo-karo a layin kasuwa ya san yadda ake ƙarewa. Kaɗan su biya, sauran su ce a dawo gobe, yau ko sisi ba a ɗauka ba. Amma in an share titi ko an sa fitila, har ƙofar mai cewa a dawo gobe hasken ke kaiwa. Wanda ya biya bara, bana sai ya ce shi ma ba a bishiya yake tsinko kuɗi ba. A haka 'yan cin bulus ke kashe ƙungiya.

Sai wasu daga cikinsu, ciki har da Neil McLellan, suka tunkari hukumar birni da buƙatar da ba a saba jin ta daga bakin ɗan kasuwa ba. Suka ce a ɗora wa kowa da kowa a yankin wani ƙarin haraji, hukuma ta karɓa da ƙarfin doka, sannan ta mayar musu da kuɗin su kashe a kan titinsu. Gwamnatin lardin Ontario ta gyara dokar ƙananan hukumomi don a samu damar yin haka, kuma a 1970 aka kafa Bloor West Village, yankin inganta kasuwanci na farko a duniya. Kuɗin farko a kan abin da ido ke gani aka kashe shi: bishiyoyi, manyan tukwanen furanni a gefen hanya, fitilu.

Yadda tsarin ke tafiya a Toronto yau shi ne abin dubawa. Ana shata iyakar yankin a taswira. Kowace shekara mambobi su zauna su amince da kasafi, majalisar birni ta sa hannu, a raba jimlar a kan gine-ginen kasuwanci gwargwadon darajar kowanne. Mai babban gini ya biya da yawa, mai ƙarami ya biya kaɗan. Kuɗin yana zuwa ne a cikin takardar harajin gini, don haka babu zancen a dawo gobe. Hukuma ba ta zuba shi a babban asusunta, tana miƙa shi ga kwamitin yankin, wanda kansila ke zama a ciki, kuma ana binciken littattafansa. In aikin babba ne, kamar sake shimfiɗa gefen titi, birni kan ɗauki rabin kuɗin. Yanzu irin waɗannan yankuna sun haura 80 a Toronto kaɗai.

Daga nan abin ya bazu. New Orleans ta Amurka ta kafa nata a 1974, dandalin Times Square na birnin Niyok ya samu nasa a 1992, Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2000. Ingila ta makara, sai a 2003 ta yi dokarta, na farko ya fara aiki a Kingston a 2005, amma a ganina ita ta fi ɗaure abin da kyau. Sai an jefa ƙuri'a, kuma rinjaye biyu ake nema, na yawan masu biya da na darajar shagunansu, don kada manya su danne ƙanana, kada kuma ƙanana su yi wa manya rubdugu. Wa'adin ba ya wuce shekara biyar, in ya cika a koma akwati. Sannan akan sa majalisar gari ta rubuta ayyukan da dama take yi a yankin, sau nawa take shara, fitila nawa take kula da su. Dalili a fili yake: hukuma in ta ga 'yan kasuwa sun ɗauki masu shara, ba wuya ta janye nata a hankali, mutane su wayi gari suna biyan kuɗi biyu a kan tsintsiya ɗaya.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗin ji ba. Wanda ya biya shi ke da murya, kuma mai talla a bakin titi da mara galihu mai kwana a barandar shago ba sa cikin masu biya. A Niyok, ƙungiyar da ke kula da kewayen tashar Grand Central ta riƙa ɗaukar marasa matsuguni aiki a kan ladan da bai kai dala biyu a awa ba, da sunan horarwa. A 1998 mai shari'a Sonia Sotomayor, wadda daga baya ta kai Kotun Ƙolin Amurka, ta yanke hukuncin cewa an karya dokar mafi ƙarancin albashi. Titi ya yi fes, amma da gumin waɗanda ba wanda ya tambaye su ra'ayi. A Johannesburg kuma matsalar ta doka ce: hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 2015 ya raunana ikon tilasta biyan kuɗin, yankuna da dama suka koma dogaro da wanda ya ga dama.

Me ya kawo wannan dogon labari a shafin Hausa? Don rabin tsarin dama muna da shi. Kusan kowane layi a manyan kasuwanninmu yana da shugaba, yana tara kuɗin gadi da na shara. Ɗaya rabin, wato ikon doka, yana hannun hukuma: jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomin Najeriya kula da kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara da kimanta gidaje don haraji, ko da yake manya irin Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano suna ƙarƙashin jiha. Matsalar ita ce rabin nan biyu ba sa haɗuwa. Ɗan kasuwa ya yanki rasit a wurin mai karɓar haraji, kuɗin ya tafi inda ba ya gani, sannan ya sake zura hannu a aljihu ya biya mai gadi da mai yashe kwata. Gobarar Sabon Gari ta Maris 2016 da ambaliyar da ta shiga Kwari a daminar 2022 sun nuna tsadar rashin hanyar motar kashe gobara da magudanar ruwa mai aiki. Idan kuma aka tashi gyara, sau da yawa rusau ne, a ba ɗan kwangila fili, ya gina, ya sa farashin da mai tsohon shago ba zai iya kamawa ba.

Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko da an aiwatar da shi sarai, kason Abuja ba zai yashe kwatar kowane layi ba. Abin da zai yashe ta yana cikin aljihun masu layin, kuma dama fita yake yi kullum.

Don haka shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, ranar da aka sake kiranku taron sabunta kasuwa, kada ku tsaya a kan roƙon a rage haraji. Ku nemi majalisa ta yi doka a rubuce da za ta ware wani kaso na abin da ake karɓa a kasuwarku ya zauna a asusun da ku ma kuke sa hannu, a manna lissafinsa a bakin ƙofa kowace shekara, a sa masa wa'adi. Kuma a kwamitin, ku bar kujera ga masu tebur, 'yan dako da mata masu sayar da abinci.