ABINCI DA LAFIYA: In madara ta ƙi mutum, me zai sha?

A wannan wata filin Abinci da Lafiya ya leƙa Bilma, garin gishiri da dabino, can ƙasar Kawar cikin jihar Agadas. Maganar ta shafi madara. Akwai mutanen da ba su samun ta. Akwai kuma waɗanda suke samu, amma cikinsu ba ya karɓa. Duka biyu suna bukatar sanin abin da za su sha, da abin da ba zai iya maye gurbin madara ba.

BILMA DA MADARA

Bilma tana tsakiyar Sahara. Tsakaninta da Agadas akwai wajen kilomita 600 na rairayin Tenere. Ruwan ƙasa yana nan, shi ya sa dabino yake yi. Amma ruwan sama kusan babu. Shekara takan wuce bai kai milimita 20 ba. Inda babu ruwan sama babu makiyaya, inda babu makiyaya babu garken shanu. Sai ƴan awaki da ake ciyarwa a gida da abin da lambu ya bayar.

Tun zamanin kakanni ayarin Abzinawa ke cike wannan giɓi. Wajen watan Oktoba raƙuma sukan taso daga Abzin, su ratsa ta Fashi, su iso Bilma. Suna kawo gero da cuku da busasshen nama. Suna komawa da dabino da gishirin Kalala, kantu na dabbobi da beza na miya. Fari na shekarun 1973 da 1974, da na 1984, ya kashe raƙuma da yawa, ayari ya ragu ƙwarai. Mutanen Kawar sun ga abin da ake nufi da dogara ga abincin da ke zuwa daga nesa.

Yau manyan motoci suna kawo kaya, har da madarar gari da ta gwangwani. Ta samu a kanti, amma da tsada. Kuma ba kowa ne ke shan ta ya zauna lafiya ba.

ME YA SA MADARA KE ƁATA CIKIN WASU?

A cikin madarar kowace dabba akwai wani irin sukari. Likitoci suna kiran sa laktos. Kofi ɗaya na madarar saniya yana ɗauke da wajen giram 12. Hanjin jariri yana da abin da ke narkar da wannan sukari. In mutum ya girma, abin yakan ragu. A duniya kusan babba 2 cikin 3 haka yake. Fulani da Abzinawa, da suka gaji shan madara tun kaka da kakanni, yawancinsu ba su da wannan damuwa. Cikin manoma kuwa tana da yawa.

Alamunta sanannu ne. Bayan an sha madara da rabin awa zuwa awa 2, ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, iska ta yi yawa, wani lokaci har da zawo. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne. Sukarin ne bai narke ba, ya wuce cikin hanji yana tsami.

Kafin a ɗora wa madara laifi, a duba abu 2. Na farko ruwa. Madarar gari da aka dama da ruwa marar tsabta tana sa zawo ko ga mai lafiyayyen ciki. Na biyu tafasawa. Ɗanyar madara da ba a tafasa ba tana iya ɗauko cutar dabba ta kai wa mutum, kamar tarin fuka da zazzaɓi mai daɗewa.

In an kiyaye waɗannan amma ciwo bai bari ba, ga gwaji mai sauƙi. Mutum ya bar madara gaba ɗaya har mako 2. In ciki ya kwanta, sai ya sake shan kofi ɗaya ya gani. In ciwon ya dawo, to an gane. In kuwa akwai jini cikin bayan gida, ko zazzaɓi, ko rama, wannan ba maganar madara ba ce. Sai a tafi gidan likita.

BA KOWA NE ZAI BARI DUKA BA

Wannan magana ba yaƙi da nono ba ce. Wanda madara ba ta damun sa, ya sha abinsa. Madarar makiyayi da aka tafasa abinci ce mai kyau, kuma kuɗinta yana zama cikin ƙasa.

Ko mai kumburin ciki ma, sau da yawa ba sai ya bari duka ba. Nono mai tsami da kindirmo sun fi sauƙi, domin tsamin ya cinye wani kashi na sukarin. Cuku ya fi su duka, domin yawancin sukarin yana bin ruwan da aka tsiyaye. Rabin kofi tare da abinci ya fi kofi cike a kan yunwa. Amma a sani madarar akuya da ta raƙuma su ma suna da wannan sukari. Madarar gari ma haka. Wata madarar garin an cire mata manta an sa man ja a madadinsa, don ta yi araha, amma sukarin yana nan.

Akwai wata cuta dabam, wadda ta fi yawa ga ƙananan yara. Yaro ya sha madara, jikinsa ya feso da ƙuraje, leɓe ya kumbura, ya yi amai, ko numfashi ya yi masa wuya. Wannan jikin ne ya ƙi madarar gaba ɗaya. A garzaya gidan likita. Irin wannan yaro ba a ba shi nono, ba a ba shi cuku, ba a gwada masa ta akuya. Wasu cikinsu waken suya ko gyaɗa ma ba sa karɓar su. Saboda haka ma'aikacin lafiya ne zai faɗi abin da za a ba shi.

MADARAR TSIRO IRI 4

Abin da ya dace da gari irin Bilma shi ne abin da zai ratsa Tenere cikin buhu bai lalace ba. Waken suya, aya, gyaɗa da riɗi duka busassu ne. Suna ajiyuwa watanni in an kare su daga laima da ƙwari. Abin zaƙi kuwa yana nan a gida, wato dabino. Ba sai an sayi sukari ba.

1. Waken suya. Shi ne ya fi kusa da madarar dabba wajen gina jiki. Cikin giram 100 na madarar saniya akwai furotin, wato abincin gina jiki, giram 3 da ɗan kai. Madarar waken suya mai kauri tana da kusan haka. Daga ita ake yin awara, wadda mata ke soyawa a Maraɗi, Damagaram da Kano. Yawancin waken daga Nijeriya yake shigowa.

2. Aya. Jihar Maraɗi ce gidanta, musamman Agiye da Madarumfa. Har ƙasar Sifen ake kai ayar Nijar, inda mutanen Balansiya suke yin wani farin abin sha da ita. Kunun aya yana da daɗi, yana ba da ƙarfi, yana kashe ƙishirwa. Amma furotin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Farinsa kawai ya yi kama da madara.

3. Gyaɗa. Tana da mai, tana da furotin, wajen giram 25 cikin giram 100. Kunun gyaɗa sananne ne ga mai jego da mai azumi. Hatsarinta ɗaya ne: gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe wannan guba. A tsince, a zubar da duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta motse, ko take ɗaci.

4. Riɗi. Wanda ba a cire wa ɓawo ba yana da kalsiyam da yawa, wato sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. An fi cin ribarsa in an daka shi an zuba cikin kunu ko miya.

YADDA AKE YIN MADARAR WAKEN SUYA

A auni gwangwani 1 na wake. A tsince tsakuwa da ruɓaɓɓe, a wanke.

A jiƙa shi awa 8 zuwa 10. Lokacin zafi a sake masa ruwa sau 1 ko 2, don kada ya yi tsami.

A murje da hannu, ɓawon ya taso, a tsiyaye shi.

A niƙa a inji ko a dutse, ko a kirɓa a turmi har ya yi laushi.

A zuba ruwa mai tsabta gwangwani 7, a dama, a tace da ƙyalle mai tsabta.

A ɗora a wuta. In ya tafasa, a bar shi yana tafasa har minti 20, ana motsawa, domin yana kumfa yana zuba.

A sauke, a sa ɗan gishirin beza, da dabinon da aka jiƙa aka dama, da citta in ana so.

Wurin tafasawar nan ne ake yin kuskure. A Bilma itacen girki yana da wuya, sai uwargida ta so ta sauke tukunya da wuri. Kada a yi haka. Ɗanyen waken suya yana da wani abu mai hana ciki narkar da abinci, kuma wuta ce kaɗai ke kashe shi. Madarar da ba ta dahu ba tana sa ciwon ciki da amai. Dabara ita ce mata 3 ko 4 su haɗa wakensu a tukunya guda, su raba itacen, su raba madarar.

Dusar da ta rage cikin ƙyalle ba abin zubarwa ba ce. A dafa ta cikin miya ko ƙosai, ko a dafa a ba awaki.

Kunun aya ya fi sauƙi. A wanke aya sosai, domin daga cikin ƙasa take fitowa. A jiƙa ta kwana 1, a niƙa tare da dabino da citta, a tace. Tun da ba a dafa shi, ruwan da za a zuba ya zama tafasasshe wanda ya huce. Yana saurin lalacewa. A lokacin da zafin Kawar ya wuce digiri 40, awoyi kaɗan sun isa ya yi tsami. Inda babu ƙanƙara, a yi daidai wanda za a sha a take. Madarar waken suya ma kada ta kwana.

ABIN DA ZA A RASA, DA INDA ZA A SAMO SHI

Wanda ya bar madarar dabba ya bar abu 2 masu muhimmanci. Na farko kalsiyam. Giram 100 na madarar saniya yana da wajen miligiram 120. Madarar tsiro da aka yi a gida ba ta kai ko kusa ba. Sai a nemo shi cikin miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifaye da ake ci har ƙaya. Na biyu bitamin B12, mai taimakon jini da jijiya. Wannan ba ya cikin tsiro. Sai a nama, ƙwai da kifi. Mace mai ciki da mai shayarwa su fi kowa kiyaye wannan.

A manyan kantunan Yamai da Kano ana ganin madarar tsiro cikin kwali, mai tsada. Wasu an ƙara musu kalsiyam, wasu kuwa yawancinsu ruwa ne da sukari. Wanda ya iya karatu ya duba rubutun jikin kwali kafin ya biya. A shekarar 2017 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa abin da aka yi da waken suya ba za a sayar da shi da sunan madara ba, don kada mai saye ya ruɗe. Suna dabam, abin da ke ciki dabam.

JARIRI BA YA CIKIN WANNAN LISSAFI

Nan ne babban gargaɗi. Duk abin da aka faɗa a sama na manya ne da yaran da suka tasa. Jariri abincinsa nonon uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga haihuwa har wata 6 nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga wata 6 a fara kunu, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Kunun aya ba nonon uwa ba ne. Madarar waken suya ta gida ma ba nonon uwa ba ce. Jaririn da aka yaye a kansu cikinsa zai cika, amma jikinsa ba zai ginu ba. Ƙarshenta tamowa. Abin da ya dace ga yaron da ya wuce wata 6 shi ne kunun gero mai kauri, a zuba masa garin gyaɗa ko garin waken suya da aka soya, ya dahu sosai, tare da nonon uwarsa. In uwa ta rasu, ko nononta ya ƙafe, kada a yi dabarar gida. A kai yaro gidan likita a ranar.

A TAƘAICE

Mai shan madara lafiya ya tafasa ya sha. Mai kumburin ciki ya gwada nono mai tsami da cuku tukuna. In sun ƙi, waken suya ne na gina jiki, aya ta marmari ce. Miyar kuka da zogale kada su yanke a gida. Jariri kuma a bar shi da nonon uwarsa.

Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna, musamman iyaye mata. Lafiya uwar jiki. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.