Ra'ayinmu: A Sauko Da Darasin Injiniya Daga Allo Zuwa Gona

Tun cikin shekarar 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta mayar da Kwalejin Aikin Gona ta Zuru jami'a, jama'ar masarautar suka ɗora mata buri mai yawa. Manomin da har yanzu yake sussukar dawa da sanda, kuma injin ban-ruwansa yake kwana uku a gareji saboda ƙaramar ɓarna, abin da yake jira shi ne wanda zai sauƙaƙa masa wahala. Wannan kuwa aikin injiniya ne, domin noman zamani ba ya yiwuwa sai da shi. Saboda haka muke ganin ya kamata a dubi yadda ake koyar da wannan fanni.

Sanin kowa ne cewa a manyan makarantunmu da dama malami yakan cika allo da lissafi, ɗalibai su kwafa, su haddace, su zubar ranar jarrabawa. Sai ka iske yaro ya shekara biyar yana karatu, ya san sunan kowane ƙarfe a littafi, amma bai taɓa kwance injin ya mayar ba. Wannan ciwo tsoho ne, don shi ne ya sa hukumar ITF ta ɓullo da shirin SIWES a 1973, na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Amma wata shida a shekara ta huɗu ba za su gyara abin da aka yi sakaci da shi tun shekarar farko ba.

Yanzu dama ta samu. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsayar da kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Haka kuma a 2023 majalisar injiniyoyi ta COREN ta sami matsayin wucin gadi a Yarjejeniyar Washinton, wadda ke auna makaranta da abin da ɗalibinta ya iya yi bayan ya gama.

Mu a namu ra'ayin, kada jami'ar Zuru, da ta kimiyya da fasaha ta Aliero, su cike wannan kashi 30 da darussan da aka kwafo daga wasu wurare. A gina su kan bukatun ƙasar Kabi: casar shinkafa, ajiyar hatsi, rijiyar burtsatse, da tare zaizayar ƙasa a gonakin gindin duwatsu. Ɗan shekarar farko ya fara da kwance injin kafin a karanta masa dokokinsa. Kowace shekara a raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya su ƙera wani abu, a ba su maki bisa yadda ya yi aiki. Aikin kammala karatu kuwa ya fito daga koken wani ƙauye, a kuma gwada shi a gaban manoman. Ba laifi ba ne a gayyaci ƙwararrun makanikai da maƙera su taimaka a ɗakin koyon aiki.

Ba muna cewa a yi watsi da lissafi ba ne. Wanda bai iya lissafa nauyin da ƙarfe zai ɗauka ba, hatsari ne ga jama'a. Nufinmu shi ne lissafin ya tafi tare da aikin hannu.

Mun san kayan aiki suna da tsada. Don haka muke kira ga asusun TETFund da Gwamnatin Jihar Kabi su fifita ɗakunan koyon aiki da wutar lantarki a kan ƙawata ofisoshi. Su kuma malamai a riƙa tura su masana'antu su sabunta hannu. Ɗalibai kuwa su daina ƙyamar baƙin mai, domin amfanin ilmi aiki da shi.