Yaron da Sanƙarau Ya Bari, Wace Makaranta Za Ta Karɓe Shi?

A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta tabbatar cewa sanƙarau ya kashe mutum 26 a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero. An yi ta'aziyya, an kawo magani, labari ya wuce. To, amma akwai waɗanda ba a cika ƙidayawa ba, wato yaran da suka tashi daga wannan ciwo. Sanƙarau yakan bar yaro da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin ƙwaƙwalwa, kuma manyanmu sun ga haka da idonsu bayan annobar 1996. Yaron da ya kwanta yana aji uku, ya tashi ba ya jin muryar uwarsa, ina za a kai shi ranar Litinin?

'Yan'uwa, doka kam akwai ta. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba naƙasasshe ilimi kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su karɓe shi tare da sauran yara, su sami ma'aikacin da aka horar dominsa, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin abin da ake koyarwa. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Nan gida ma, a 2022 Gwamna Atiku Bagudu ya sa hannu a dokar kare haƙƙin yara ta jiha.

Matsalar ita ce, Abuja ba ta ɗaukar malamin firamare a Maiyama. Makarantun firamare da ƙananan asibitoci suna hannun jiha da ƙananan hukumomi. Saboda haka in ba a sa kuɗin abin cikin kasafin Birnin Kebbi ba, sai dokar ta zauna a takarda, yaron kuma ya zauna a ƙofar gida, ko a tura shi bara ranar kasuwar Jega. Wasu za su ce a kai shi makarantar kurame ta kwana a babban gari. Ba mu raina wannan ba. Amma wace uwa ce, bayan ta yi jinya har ta ga bakin kabari, za ta saki ɗan shekara bakwai ya tafi inda ba zai iya faɗa wa kowa abin da ke damunsa ba? Roƙonmu ga 'yan majalisar jiha masu wakiltar Jega da Aliero da Maiyama shi ne, a kowane ɗayan garuruwan nan uku a sami ko da firamare ɗaya mai malamin da ya iya maganar hannu, a kuma rubuta albashinsa cikin kasafi.

Batun magani ma haka. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta lissafa naƙasassu cikin marasa ƙarfi waɗanda ya kamata a biya musu, kuma jiharmu tana da hukumarta, KECHEMA. Sai dai gatan yana zuwa ne ga wanda aka rubuta sunansa. Maganin farfaɗiya kuwa ba na mako ɗaya ba ne. Manomin albasa a Aliero da ke samun kuɗi sau ɗaya bayan girbi, ta yaya zai riƙa saye wata bayan wata?

Yanzu bari mu juyo kanmu, gama ba mu da bakin zargin gwamnati muna ɓoye namu. Tun 1953 mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri, lokacin da babu wata doka da ta tilasta musu. Mu jikokinsu fa? A ikilisiyoyinmu nawa ne kurma zai zauna sujada ya gane wa'azi? Har yanzu akwai iyayen da ke barin irin wannan yaro a ɗaki ranar Lahadi saboda kunya, ko saboda raɗe-raɗin cewa alhaki ne ya kama gidan. Mun san a Markus sura 7 Ubangiji ya ja kurma gefe ya lura da shi shi kaɗai, amma mu ko sunayen namu ba mu sani ba.

Zumuntar Mata sun san kowane gida. Su bi gida-gida, har da na maƙwabtanmu Musulmi in sun yarda, su rubuta sunan yaro da shekarunsa da abin da ya same shi. Fastoci da dattawa su ɗauki takardar su kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kwafi ɗaya kuma ga jami'in KECHEMA, su koma bayan wata guda su tambayi inda aka kwana. A yi wannan kafin zafin bazara ya dawo, gama lokacin ne sanƙarau yake zuwa.