MU LEƘA DUNIYA: Makaɗan Da Suka Yi Shiru Shekara 15

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Amurka ne, mu duba labarin waɗansu makaɗa huɗu waɗanda kiɗansu ba irin wanda kunnenmu ya saba da shi ba ne, amma abin da ya same su ya isa a tsaya a yi tunani a kansa.

Irin kiɗan nasu shi ne Turawa ke kira heavy metal, watau ƙarfe mai nauyi. Ana yin sa da jita mai aiki da lantarki, da ganguna, da murya wadda ta fi kusa da kururuwa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da kiɗan 'yan tauri sa'ad da wasa ya yi zafi, to, ya ɗan san yadda abin yake taɓa jini. Sunan ƙungiyar System of a Down, an kuwa kafa ta a jihar Kalifoniya cikin 1994. Dukansu huɗu Armeniyawa ne: Serj Tankian mai waƙa da John Dolmayan mai ganga an haife su a Bairut, Shavo Odadjian a Yerevan, Daron Malakian kuwa a Los Angeles.

Tun farko waɗannan samari ba su ɓoye bakinsu ba. Babban abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne kisan da aka yi wa Armeniyawa a Daular Usmaniyya daga 1915, wanda kakan Tankian yana cikin waɗanda suka tsira. Armeniyawa suna cewa mutum miliyan ɗaya da rabi suka halaka, gwamnatin Turkiyya kuwa ba ta yarda a kira abin kisan ƙare dangi ba. Ba su tsaya nan ba, sun soki yadda ake cika gidajen kurkuku a Amurka, sun kuma soki yaƙin Iraƙi a wata waƙa da ta ci musu lambar Grammy cikin 2006. Faifansu Toxicity ya hau kan gaba a kasuwar Amurka cikin Satumba 2001, a 2005 kuma suka fitar da biyu, Mezmerize da Hypnotize, kowanne ya zo na ɗaya.

Ana cikin wannan tashe, sai a 2006 suka ajiye kayan kiɗa. Sun koma yin wasa a gaban jama'a daga 2011, har suka yi na kyauta a dandalin birnin Yerevan ran 23 ga Afrilu 2015, cikar shekara 100 da kisan kakanninsu, amma sabuwar waƙa ko ɗaya babu. A 2018 asiri ya fito fili. Tankian da kansa ya amsa cewa shi ne sanadin hutun, ya kuma bayyana cewa sun kasa daidaitawa a kan wanda zai fi faɗa a ji wajen tsara waƙa, da yadda za a raba abin da aka samu. Ga kuma siyasa: Dolmayan yana bayan Donald Trump, Tankian yana gaba da shi, alhali kuwa matansu ya da ƙanwa ne.

To, abin da kuɗi da suna suka kasa yi, sai yaƙi ya yi. Ran 27 ga Satumba 2020 faɗa ya ɓarke tsakanin Azarbaijan da Armeniyawa a kan yankin Nagorno-Karabakh. Dolmayan ya aika wa sauran cewa a ajiye saɓani. Ran 6 ga Nuwamba suka fitar da waƙoƙi biyu, na farko cikin shekara 15, suka tara fiye da dala 600,000 don taimakon waɗanda yaƙin ya shafa. Naka sai naka.

Amma fa kwana huɗu bayan haka aka tsagaita wuta, Armeniyawa suka sha kashi. A Satumba 2023 Azarbaijan ta karɓe sauran yankin, mutane fiye da 100,000 suka yi hijira cikin 'yan kwanaki. Saboda haka akwai masu cewa waƙoƙin ihu ne bayan hari. Ni ban ga haka ba. Waƙa ba ta taɓa tare harsashi ba, ba kuma aikinta ke nan ba. Aikinta ta sa wanda bai taɓa jin sunan wuri ba ya tambaya ina ne, ta kuma sa mai gudun hijira ya san ba a manta da shi ba. Wannan kam sun yi.

Sai dai wajibi ne mai sauraro ya riƙe hankalinsa. Mawaƙi mai ba da shaida ne, ba alƙali ba. Ƙasashen duniya sun ɗauki yankin nan a matsayin ƙasar Azarbaijan, kuma a yaƙin farko da ya ƙare cikin 1994 dubban ɗaruruwan Azarbaijanawa ne aka raba da gidajensu. Kukansu ba ya cikin waƙoƙin nan. Wanda ya ji gefe ɗaya ya yanke hukunci ya zalunci kansa kafin ya zalunci wani.

Har shekarar 2025, watau shekara 20 bayan Hypnotize, cikakken faifan da masoyansu ke jira bai fito ba. Waɗansu suna ganin wannan asara ce. A nawa ra'ayin, mutunci ne. Da sun so, da sun harhaɗa waƙoƙi goma marasa rai sun kwashi kuɗi, domin sunansu kaɗai ya isa ya sayar. Suka ƙi, sai ranar da suke da abin faɗa wanda dukansu huɗu suka yarda da shi. Abin tambaya ga sauran masu sana'ar baki, da mu masu riƙe da alƙalami, shi ne: mu nawa ne za mu iya yin shiru idan ba mu da magana, mu kuma buɗe baki ranar da shirun ya fi sauƙi?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.