Zancen Mako: Lissafin Sabuwar Shekara

Sabuwar shekara ta kawo jiki. Kafin ɗan kasuwar Dole ya ci bashi don buɗe kanti na biyu, ya tuna ran 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa: tamma guda ta Faransa ta tashi daga dala 10 zuwa dala 20. Mai bashi da kuɗin Faransa ya wayi gari bashinsa ya ninka. Mai juya uwar kuɗinsa tsakanin Zermu da Damagaram kuwa, nasa da sauƙi.

To, buri uku sun isa bana: rubuta shiga da fita kullum; raba riba da uwar kuɗi; ma'aikaci kada ya ci albashin da bai zo ba. Allah ya kai mu.