Filin Antinku: Ita Ta Kakkaɓe Leshi, Shi Ya Karye

Na san kuna jiran amsar wasiƙunku na soyayya, ku yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, yau wani abu ne ya tsaya mini a rai.

Kwanan baya na je bikin ɗiyar yayata a Bagudo, aka kai amarya Ka'oje, ta hanyar nan da ke tsallake gadar Tuga ta nufi Tsamiya, bakin iyakarmu da ƙasar Benin. Motoci suka cika, sauran 'yammata suka hau kabu-kabu. Wani saurayi ya goya budurwarsa a babur, ya kama tsala gudu don a ce ya iya. Sai ga akuya. Ita yarinyar ta faɗa kan tulin ƙaiƙayin shinkafa, ta miƙe tana kakkaɓe leshinta tana salati, shi kuwa ya daki bakin kwalbati, kafaɗa ta karye nan take. Babur ɗaya, gudu ɗaya.

Tabbas Allah ne Mai tsarewa, amma Yakan tsare da sababi, sababin nan kuwa yana cikin littafin Fiziks ɗinku, wanda na san wasunku sun mayar matashin kai. Tun 1687 wani masani ɗan Ingila, Isaac Newton, ya rubuta ƙa'idarsa. Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da ƙarfin tafiya, wato nauyinsa sau gudunsa. Kafin ya tsaya dole a raba shi da wannan ƙarfi gaba ɗaya, kamar bashi ne. In aka biya a hankali babu ciwo, in aka ce yanzu-yanzu, to jiki ne zai biya. Ba ku lura ba in an jefo muku ƙwan zabi kukan ja hannu baya? Lokacin tsayawarsa kuke ƙarawa, shi ya sa ba ya fashewa. Haka masu kwalekwale a Lolo, tun daga nesa suke rage wuta kafin su taɓa gaɓa.

To ku ɗauko biro. Mu ce nauyinki kilo 50, babur yana gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 kowace daƙiƙa, ba ma wani gudun kirki ba ne. In direba ya taka birki kuka tsaya cikin daƙiƙa 5, abin da zai tura ki gaba bai wuce nauyin jarkar ruwa mai lita 10 ba. Amma in bango ne ya tsayar da ke cikin kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa, lokacin ya ragu sau 100, bugun ya ƙaru sau 100. Kamar an jibga miki kilo 1,000 ke nan, buhun shinkafa mai kilo 50 har guda 20! Ƙaiƙayin nan ya lotsa ya ba yarinyar lokaci, siminti kuwa bai san lotsawa ba. In aka ninka gudun kuma lokacin bai canja ba, buhunan sun koma 40.

Abin da ya fi ba ni takaici, farantan tangaran ɗin amarya ɗaya bayan ɗaya muka naɗe su da tsofaffin zannuwa don kada su fashe, amma kawunanmu daga ɗankwali sai gyale. Aikin soson da ke cikin hular kwano ke nan, ya matse don kai ya tsaya a hankali. A ranar 1 ga Janairun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hular, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka, alhali ƙwarya ba ta da soso. Mu mata kuma uzurinmu wai gwaggwaro zai lalace. Haba 'yammata!

Ku masu shiga gaban mota babu bel, ga ɗan yaya a cinya, ku sake lissafin. Yaro mai kilo 10 a wannan bugu ya zama kilo 200, buhu huɗu. Wace hannu gare ki da za ki riƙe shi? Ku koma baya da shi, kowa ya ja bel ɗinsa.

Shi dai saurayin yana samun sauƙi, sai dai an ɗaga ranar bikinsu. Da ta zo gaishe ni na ce mata, “Ɗiyata, ki faɗa masa cikin lefe ya haɗa da hular kwano biyu.” Ta rufe fuska tana dariya, ta ce, “Anti, sai dai ke ki faɗa masa.” Na ce ta turo mini shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, Antinku.